Ranar Da Muka Buga Shamuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗora baƙar tawada a kan littafin shamuwa ba. Ku da kuke aikin ɗab'i yanzu kun sha tambayata me ya sa, in na leƙo wurinku na ga aikin da aka fara ba a gama ba, sai in tambayi wanda ya fara shi, in ce a jira shi. Wasunku sun ɗauka tsufa ne. Ga dalilin. Karatuna bai wuce firamare ba, ban kuma saba dogon rubutu ba, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 ne, ba a daɗe da buɗe makarantun firamare na kyauta ba, ko'ina ana neman littafin yara. Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a Gyadi-Gyadi, cikin Kano, kusa da titin Zariya. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mutumin kirki, amma ba sana'arsa ba ce. Wanda ke riƙe da aiki shi ne foman ɗinmu, Malam Audu, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya koyi ɗab'i a Zariya tun zamanin Turawa. A ƙarƙashinsa akwai masu harhaɗa haruffa, da masu inji, da masu yanka da ɗinki. Mutum yakan fara da wanke rola, wato abin da ke juyawa yana shafa tawada a inji, ya koma miƙa wa inji takarda, in an yarda da hannunsa sannan a ba shi inji nasa. Ni a lokacin an riga an ba ni. Sunana Garba, amma Garba Mai-Launi ake ce mini, don ni ke buga hotuna.

Sai na bayyana yadda ake buga launi a zamanin, domin injinku na yau takarda ke shiga fara ta fito da komai. Namu launi ɗaya yake ɗauka. Za a fara da rawaya, a bi duk takardun littafin, a jibge su su bushe. A wanke inji tas, a ɗora ja, a sake bin su. Daga nan shuɗi. Baƙi ne na ƙarshe, kuma da shi rubutu ke zuwa. Kowane launi yana cin kwanaki. A gefen takarda akwai 'yan alamu da muke dubawa, don kowane launi ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa. Abokin gabarmu shi ne danshi. Idan takarda ta sha danshi tsakanin launi da launi sai ta buɗe, ko da kaurin gashi ne, launin da ya biyo baya ya kauce, aiki ya lalace gaba ɗaya. Kafin inji ya daidaita kuwa akan ɓata wasu takardu. Su ne takardun gwaji. Ba a hana ma'aikaci ɗauka, yawanci masu ƙosai da masu tsire ake kai wa.

Wata Malama ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta kawo aikin. Ƙananan littattafai huɗu ne masu hotunan dabbobi, kowanne da lokacinsa na shekara. Kwaɗo da damina, kurege da kaka yana ɓoye gyaɗa, bushiya ta dunƙule lokacin sanyi, sai shamuwa mai zuwa a ƙarshen bazara. Layi ɗaya ko biyu ne a kowane shafi. Babu kura, babu duka, babu wanda aka cinye. A shafin ƙarshe dabbar takan kwanta, sai a ce wa yaron: kai ma rufe idonka.

Ranar da ta kawo zanen ina tsaye, Alhaji ya jujjuya shi ya ce, "Malama, wa ke karanta wa yaro littafi lokacin barci? Mu tatsuniya muka sani."

Ta ce, "Alhaji, wa ya yi maka tatsuniyar?"

"Kakata mana."

"To leƙa gidajen haya na bayanka ka ƙirga mini kakanni. Suna ƙauye. Iyayen ne suka zo birni da yaran."

Alhaji ya yi dariya ya ce an kama shi. Kafin ta fita ta juyo wurina ta ce, "Kai ne mai launin? Ka sassauta ja. Littafin kwanciya ne, kada ka tayar mini da yara." Na riƙe wannan maganar, duk littattafan huɗu sai da na kashe kaifin jan kafin in ɗora.

Ni ma ina cikin waɗanda take nufi. A Tarauni nake haya, ɗaki da rumfa, lokacin ana fita ƙofar gida a hangi gonaki har Darmanawa. Muna zaune ni da maiɗakina Rabi da 'yarmu ɗaya, mai shekara huɗu. 'Yar fari ce. Yaran yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A garinmu ba a kama sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Da an yaye shi kaka ke ɗauke shi, ita ce mai lallashi da tatsuniya. Mahaifiyata ta rasu, ta Rabi ma haka, sai yarinyar ta zauna a hannunmu. Ni "ke" nake ce mata. Uwarta kuwa "yarinyar nan". Muna sonta, amma ba mu da hanyar da aka koya mana ta nunawa.

Littattafan Malama ne suka ba ni hanya. Da aka gama na kwaɗo na naɗo takardar gwaji na ɗaure a bayan keke. Bayan magariba na zauna a bakin ƙofa kusa da fitilar ƙwai, na shiga karantawa da ƙarfi. Rabi ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce kuskure nake dubawa, aikin ofis ne. Ta ce, "To, Allah ya taimaka," ta juya tana murmushi. Ban kai rabi ba yarinyar ta matso, ta matso, har ta jingina da gwiwata. Ban dube ta ba, na ci gaba da karatu. Da na kai "kai ma rufe idonka" sai ta rufe nata da ƙarfi, tana leƙe ta gefe.

Haka muka bi kwaɗo, muka bi kurege, muka bi bushiya. Kullum ni ina duba kuskure, ita tana barci a jikin gwiwata, uwarta ta zo ta ɗauke ta. A wurin aiki Sunday, mai injin yanka, wanda ya dawo Kano bayan yaƙin basasa kuma Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, ya lura. Ya ce, "Garba, matarka ta fara ƙosai ne ba ka kawo mana ɗanɗano ba?" Na ce eh, ta fara. Ya ce, "Wane irin ƙosai ne da sai an zaɓar masa takardar da ba ta da datti?" Na ci gaba da naɗe takardata. Ya bi ni da ido ya ce, "Ƙosan nan yana da shekara nawa?" Daga ranar, in ya ga takardar gwaji mai kyau sai ya daidaita mata gefe a injinsa ya ajiye mini, bai sake tambaya ba.

Muka shiga littafin shamuwa da tsakiyar zafi. Na yi kuskuren gaya wa yarinyar tun ba a fara ba, ta hana ni sakat. Don in samu lafiya, ranar da na gama rawaya na kawo mata shafin tsakiya yadda yake. Ƙasa ce rawaya, da rana, da kan bishiya. A tsakiya kuwa an bar farin wuri mai siffar tsuntsuwa, inda baƙi zai zauna.

Ta duba sama, ta duba ƙasa. "Baba, ina take?"

"Ga wurinta nan."

Ta ɗora yatsa a kan farin. "Wannan ai ba kowa."

"Tana hanya. Daga nesa take zuwa."

"Da ƙafa?"

"Da fiffike. Amma tana tsayawa shan ruwa."

Babu rubutu a takardar, don haka ranar ban iya cewa kuskure nake dubawa ba. Daga kaina na ba ta labarin. Rabi na ji tana aikinta.

Da na kawo na ja, abin da ya ƙaru shi ne gwiwoyi da yatsun tsuntsuwar, da ɗan ɗigo a wurin ido. Yarinyar ta yi tsalle. "Inna, zo ki gani! Ƙafa ta zo, ita ba ta zo ba!"

Rabi ta leƙo daga wurin murhu ta ce, "Irin mutanen gidan nan ce. Takalmi a ƙofa, mai shi yana wurin aiki."

Wannan ce dariya ta ƙarshe da na tuna mun yi mu uku.

A shekarar ƙyanda ta shiga unguwa. Ranar da na gama shuɗi na dawo na tarar da ita kwance, jiki kamar garwashi, idanu sun yi ja, ba ta son haske. Na rage fitila na nuna mata. Sama ta fito, bishiya ta koma koriya, fuskar tsuntsuwar ta samu shuɗinta. Jikin ne dai har yanzu fari. Ta shafa wurin da tafin hannu.

"Saura me?"

"Saura baƙi. Da an sa baƙi ta iso."

"Ka kawo ta."

"Zan kawo ta, in Allah ya yarda."

Muka kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya. Ciwon ya sauka a ƙirjinta. Da hantsi ta cika, kafin azahar an yi mata sutura. Ƙaramin yaro ba a sa shi a makara, a hannu ake ɗauka. Ni na ɗauke ta. Ranar ce na fara ɗaukarta a gaban mutane.

Aka yi zaman gaisuwa. Alhaji ya zo da dukan ma'aikata, har Sunday, ya cire takalmi ya zauna a ƙarshen tabarma. Ana cewa Allah ya sa mai ceto ce, ina cewa amin. Ana cewa yarinya ce, Allah zai ba da wasu, ina cewa amin. Ba wanda ya ɗauko zancen aiki. A cikin gida ma ban ji kukan Rabi ba. Mata suna ta yaba mata, wai ta yi kunya, ta yi haƙuri.

Da mutane suka watse ban koma aiki ba. Na yanke a raina na bar inji. Ko warin tawada ba na son tunawa. Na fara tunanin komawa garinmu in kama noma, tunda damina ta kusa.

Wata ranar da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga Malam Audu yana turo kekensa. Na shimfiɗa masa buzu. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya. Ni na fara magana.

"Baba, ba zan dawo ba."

Ya ce, "Na ji."

"A ba wani injin."

"Inji ba ya gudu, Garba. Takarda ce ba ta jira." Ya nuna gabas da haɓa. Sama ta yi nauyi, iska kuma ta fara sauyawa. "Ka san abin da ke tafe. In ruwa ya sauka littafin nan bai samu baƙinsa ba, sai dai a kai wa masu tsire."

"To a buga mana. Baƙi ai ba wuya."

"Ba wuya. Alhaji ya samo mutum a Fagge, gwani ne, na san aikinsa. Na roƙi Alhaji ya dakata zuwa ruwan farko. Ya ce in takarda ta lalace fa? Na ce a wuyana. Ya ce ba wuyana yake ji ba, yaran Malama yake ji. Amma ya yarda."

"Don me, Baba? Me zai rage in wani ya buga?"

Ya daɗe yana gyara hularsa a gwiwa. "Sunday ya gaya mini inda takardun gwaji suke zuwa. Ya ce rawaya ta je, ja ya je, shuɗi ya je." Ya ɗago ya dube ni. "Ni ma na kai nawa maƙabarta, ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi damuna daga baya ba abin da na yi ba ne, wanda na bari a rabi ne. Ba zan ce ka zo ba. Na zo ne in gaya maka yana nan, ba a taɓa ba. Ranar da ruwa ya sauka zan aika Fagge, ba kuma zan riƙe ka a rai ba."

Ya sa hularsa, ya hau keke ya tafi. Ban raka shi ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Ban je ba washegari, ban je ba ranar da ta biyo bayanta. Sai wata safiya na ji yaran unguwa suna ihu suna tafi a gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Na fita. Shamuwa ce ta sauka, su da yawa, suna ta kai da kawo da ƙirare a baki. Na tsaya ina kallon baƙin bayansu. Iska mai ɗauke da ƙamshin ƙasa ta buso daga kudu.

Na koma ciki. Rabi na tsakar gida tana tankaɗe. Ita ma ta ji yaran. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Ka ce mata za ka kawo."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta ci gaba da tankaɗenta. Na ɗauki keke.

Da na isa Gyadi-Gyadi na tarar da ɗakin takarda a rufe, an toshe tagoginsa da buhuna. Na tura ƙofa, zafi ya buge ni. An naɗe jibgin takardun da tabarmi, an ɗora su a kan katako. A tsakiyar ɗakin, nesa da su, ga kaskon gawayi yana ci, irin wanda ake sa wa maijego. Sunday na zaune kusa da shi ba riga, gumi na zuba, da bokitin ruwa a gefensa saboda tsaro. Ashe tun da iska ta sauya suke haka. Ba a barin wuta da takarda ba mai gadi, don haka suka raba a tsakaninsu, masu haruffa da masu ɗinki da kowa, wannan ya fita wannan ya shiga, a cikin zafin nan na bazara.

Sunday ya dube ni ya ce, "Kai, Garba. Ka zo ka karɓi jegonka. Na dahu."

Ya miƙe ya dafa kafaɗata ya wuce.

Malam Audu bai yi mini maraba ba. Ya dube ni kamar jiya na tashi aiki ya ce, "An wanke maka rola. Farantin yana kan tebur." Na sa rigar aiki. Na ɗaura farantin baƙi, wato ƙarfen da ke ɗauke da hoton da rubutun, na zuba tawada, na bar inji ya yi ta juyawa har ta bi rola daidai. Sannan na sa takarda.

Takardar farko ta fito, na duba alamun gefe. Sun kauce. Baƙin ya zame gefe guda, fari ya bayyana tsakanin jikin tsuntsuwar da ƙafarta, kamar an yanke ta. Na matsa, na sake. Ta gyaru a sama ta kauce a ƙasa. Alamar takarda ta buɗe ke nan. Alhaji ya fito daga ofis ya tsaya daga nesa, hannuwansa a baya. Malam Audu ya karɓi takardar ya shafa gefenta da yatsa.

"Na saman jibgi ne, sun sha iska. Ɗebo daga ciki."

Sunday ya ɗage na sama ya kawo na tsakiya. Na shafa, sun bushe, suna ƙara a hannu. Na sa. Na ɗan sassauta gefe ɗaya, na ƙara matse ɗayan. Ana cikin haka gari ya yi duhu, aka kunna fitilu, wani ya ruga ya rufe ƙofar waje. Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi daidai lokacin da na ja takarda daga inji.

Alamun sun hau kan juna. Na dubi tsakiyar shafin. Ga ta nan tsaye a kan reshe, baƙa, cikinta fari, ƙafafun da suka riga ta zuwa suna ƙarƙashinta daidai, jan ɗigon nan ya zama ido. A ƙasa ga rubutu ya fito.

Ƙa'idar aiki ita ce takarda ta farko da ta yi kyau a kai wa foman. Ya duba, ya sa hannu, a rataye ta a ƙusa kusa da inji, da ita za a riƙa gwada sauran. Na kai masa. Ya ɗaga ta wajen fitila ya daɗe yana dubawa. Bai ciro alƙalami ba. Ya ce, "Ja wata." Na ja wata. Ita ya sa wa hannu ya rataye. Ta farkon ya miƙa wa Sunday, Sunday ya daidaita mata gefe, ya naɗe ta a takarda mai kauri, ya sa a cikin leda saboda ruwa, ya ajiye kusa da hulata. Alhaji yana kallo. Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya koma ofis.

Ruwa ya yi ta zuba, inji ya yi ta tafiya. Ƙofofi a rufe, kasko na ci a ɗakin takarda, ana ɗebo mini kaɗan-kaɗan don kada su daɗe a waje. Ban ɗaga kai ba sai lokacin salla. Shamuwa ta yi ta wucewa ta gabana, ɗaya bayan ɗaya, har na daina jin komai sai ƙarar inji. Aikin ya ci wasu kwanaki kafin ya ƙare, kuma abin da muka rasa bai wuce na saman jibgi ba.

Amma a ranar farkon nan, na isa gida bayan magariba, ƙafafuna duk taɓo. Na zauna a bakin ƙofa inda na saba. Rabi ta kawo fitila ta ajiye. Ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe adaka, ta fito da takardun nan uku. Ban san ta adana su ba. Ta shimfiɗa su a tabarma a jere, rawaya, da mai ja, da mai shuɗi, gefensu duk ya yi laushi don shafa. Na kwance tawa na ajiye a ƙarshe.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi boko ba. Ta ɗora yatsa a kan rubutun ta ce, "Me aka ce a nan?"

Na karanta mata. "Shamuwa ta iso. Ta sauka a kan tsamiya."

"Sai kuma me?"

Sauran ba ya cikin wannan shafin, amma na san shi, don na gani a faranti. Na ce, "Ta gaji. Ta naɗe ƙafa ɗaya, ta sa baki cikin fiffike." Na tsaya a nan. Layin da ya rage ta san shi kamar yadda na san shi, ta ji shi a kwaɗo da kurege da bushiya. Ba wanda ya faɗe shi a cikinmu.

Ta shafa baƙin da tafin hannu, yadda yarinyar ta shafa farin. Ta ce, "Da Binta ta gani."

Tun ranar suna ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta sake faɗa, a hankali, kamar tana gwada shi. Sannan ta yi kukan da ba ta yi a gaban mata ba. Ni ma na kira sunan. Muka zauna a nan har fitila ta fara neman kananzir.

Na ci gaba da aiki a maɗaba'ar har na zama foman bayan Malam Audu. Allah ya ba mu wasu 'ya'ya, duk an karanta musu littattafan nan huɗu, kuma ban ƙara cewa kuskure nake dubawa ba. Malama ba ta taɓa sanin abin da ya faru ba. Da ta zo karɓar littafin ta buɗe tsakiya ta ce baƙin ya zauna da kyau, na ce mata na gode. Rabi ta rasu bara, Malam Audu da Alhaji sun daɗe da tafiya, Sunday ya koma garinsu ban sake jin labarinsa ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Abin da na koya bai da yawa. A sana'armu ana koya wa mutum duba alama, da auna tawada, da tsoron danshi, kuma duk gaskiya ne. Ba a koya masa cewa wani aikin da ke jibge a kan katako akwai mai jiransa a gida ba. Mutumin Fagge zai iya buga littafin nan ya fi nawa kyau. Malam Audu ya san haka, Alhaji ya sani, waɗanda suka zauna gadin kasko ma sun sani. Ba su yi mini wa'azi ba, ba su ce sun tausaya mini ba. Takarda suka hana shan danshi har na iya zuwa da ƙafata.

Don haka in kun ga abokin aikinku ya bar aiki a rabi, kafin ku miƙa wa wani, ku tambaya tukuna. In da hali, ku rufe masa taga ku jira shi.

Allah ya jiƙan Binta da uwarta.